Daga rediyo zuwa wayar hannu: yadda Gusau ta koyi aikin silikon ba tare da masana'anta ba

Idan ka taso daga Tsafe ka nufi Gusau, kafin ka shiga gari za ka wuce Kwatarkwashi ta ƙaramar hukumar Bunguɗu, kuma babu yadda idonka zai kauce wa dutsen nan da ya tsaya a kan garin. Irin dutsen da masana ƙasa ke kira giranit ne. Da za ka ɗauki ɗan ɓallinsa ka duba a rana, za ka ga wasu ƙwayoyi suna ƙyalli kamar fasasshen gilashi. Sunansu kwaz, kuma abu biyu ne a haɗe cikinsu, oksijin da silikon. Wannan silikon ɗin dai shi ne aka yi ƙwaƙwalwar wayar da ke hannunka da shi, haka ma farantin sola da ke kan rufin masallacin unguwarku.

Shi ya sa duk lokacin da aka ji Amurka ko Indiya sun ware biliyoyin daloli don kafa masana'antun semikondakta, sai ka ga wani ya rubuta a Facebook cewa ai mu ma muna da yashi da duwatsu, me ya hana mu? To, silikon ba ya wuyar samu a ko'ina. Sama da kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin ɓawon duniya silikon ne, kowace ƙasa tana taka shi. Abin da ya raba ƙasashen da ke ƙera cip da masu saye kawai shi ne mutanen da suka iya aikin, da kuma wanda ya ɗauki nauyin koyar da su. A wannan fannin yankin Gusau yana da nasa tarihin, duk da cewa ba a taɓa ƙera cip ko guda ɗaya a Zamfara ba.

Mu fara da kalmar. Jan ƙarfen da ke cikin wayar wuta yana barin lantarki ya wuce a sauƙaƙe, robar da aka naɗe shi da ita kuma tana hana shi. Silikon yana tsakani, shi ne ma'anar semikondakta. Idan aka tace shi sosai, aka sa masa ɗan mitsitsin wani sinadari kamar fosforas ko boron, kamar yadda ake sa gishiri a miya amma ƙasa da haka nesa ba kusa ba, sai ya zama ana iya umartar sa: yanzu buɗe wa wuta hanya, yanzu rufe. Ɗan makunnin da ke wannan aikin shi ne taransisto. A Disamban 1947 John Bardeen da Walter Brattain, a ƙarƙashin William Shockley, suka haɗa na farko a ɗakin binciken Bell na Amurka, kuma da jamaniyam suka yi shi, na silikon sai 1954. Cip ɗin wayar zamani yana ɗauke da biliyoyin irin wannan makunni a wurin da bai wuce farcen yatsa ba.

Kafin kwaz ya kai nan kuwa, sai an narka shi da gawayi a tanderun lantarki mai zafin kusan digiri 2,000, a sake tace shi har tsarkinsa ya kai kashi 99.9999999 cikin 100, a ja shi ya zama sanda, a yanka faifai-faifai, a zana taransistoci da haske a ɗakin da ƙura ɗaya ke lalata aiki. Masana'anta guda ta zamani tana cin dala biliyan 20. Kasafin kuɗin Zamfara na 2024 kusan naira biliyan 426 ne, wato sai an tara irinsa na kusan shekara 70 ba a taɓa ko kwabo ba. Ka ajiye wannan lissafin a ranka, za mu ga cewa akwai wata ƙofar shiga harkar da ba wannan ba.

Akwatin da ya fara kawo shi

Taransisto bai shigo ƙasar Hausa ta jami'a ba, ta kasuwa ya shigo. Kafin zuwansa rediyo kayan birni ne. A Kano tun 1944 akwai rediyon waya, inda ake ja wa mutum waya daga tasha zuwa wani akwati a gidansa ko a dandali, ya saurari abin da aka zaɓa masa. Rediyon da ke kamo tasha da kansa kuma kwalaben lantarki ne a cikinsa, ga girma, ga zafi, ga cin wuta. A 1954 aka fitar da rediyon taransisto na farko a kasuwar Amurka, kamfanin Sony na Japan ya biyo baya a 1955, cikin 'yan shekaru farashi ya faɗi. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962. Abubuwan biyu suka haɗu: ga abin saurare da Hausa, ga akwatin da ke aiki da batir, wanda manomi a Nahuce zai rataya a reshe, makiyayi ya saɓa a kafaɗa.

Duk abin da ke aiki kuwa yana lalacewa, sai sana'ar gyaran rediyo ta tsiro. Gusau ta riga maƙwabtanta samun masu irin wannan hannu saboda jirgin ƙasa. Layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka gina tsakanin 1927 da 1929, ya ratsa garin, ya kawo kamfanonin sayen gyaɗa da auduga, da injin gurzar auduga, da makanikai da masu aikin wuta, da yawansu 'yan Kudu da suka zauna a Sabon Gari. Rikicin 1966 da yaƙin basasa sun sa ƙwararru da dama barin Arewa a lokaci guda, guraben da suka bari kuma yaran shago ne suka cike da yawa daga ciki.

Yadda ake koyon aikin bai bambanta da na ƙira ko ɗinki ba. Uba ya kai yaro wurin maigida. Yaro ya yi shara, ya yi aike, ya riƙe wa maigida ƙarfen narka dalma, wata rana a miƙa masa mataccen rediyo a ce ya kwance. Wannan tsari ya haifar da mutanen da ke gane taransiston da ya ƙone da yatsa ko da hanci. Inda ya gaza shi ne bayanin dalili. Maigida ya san idan ka canja wannan abin rediyo zai tashi, amma ba lallai ya iya karanta zanen da'irar ba, don haka duk lokacin da fasahar ta sauya, daga rediyo zuwa rakoda, zuwa talabijin da bidiyo, sai an koma lalube daga farko. Gwamnati tana da jarrabawar sana'a ta ma'aikatar ƙwadago mai matakai uku, makarantun fasaha ma suna da darasin gyaran rediyo da talabijin, amma mafi yawan masu shago ba su bi ta nan ba, kuma abokan cinikinsu ba su taɓa tambayar su takarda ba.

Makarantu sun zo, masaƙa ta tafi

Kada ka ɗauka hukuma ba ta yi komai ba. Ta yi, har ma da tsari mai kyau a takarda. A 1971 gwamnatin tarayya ta kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, mai hedikwata a Jos, wanda doka ta ce kamfanoni su riƙa zuba masa wani kaso na albashin da suke biya. A 1973 asusun ya ƙirƙiro SIWES, shirin nan da ɗalibi ke barin aji ya je ya yi watanni a wurin aiki. A 1977 aka kafa hukumar ilimin fasaha, NBTE, a Kaduna. A shekarar ce kuma jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, matakin da wata jiha ta ɗauka da kanta don ta samar wa kanta likitoci da injiniyoyi, kuma ta samu. Sai tsarin 6-3-3-4 na farkon shekarun 1980, wanda ya ce kowane yaron ƙaramar sakandare ya taɓa aikin katako da ƙarfe da lantarki. An sayo kayan aikin daga Gabashin Turai, amma a makarantu da yawa sun tsufa cikin akwatunansu, saboda babu ɗakin aiki, babu wuta, babu malamin da zai kunna su.

Yankin da ya zama Zamfara a 1996 ya samu rabonsa. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya ta Ƙauran Namoda ta zo a 1983. Wajen 1990 aka buɗe kwalejin horar da malaman fasaha ta tarayya a Gusau, ta mata zalla. A 1992 aka kafa ta Talatar Mafara, wadda daga baya aka sa wa sunan Injiniya Abdu Gusau. Jami'ar tarayya ta Gusau ta biyo a 2013. Ga yankin da tun kafin jihadi malaman 'Yandoto, nan kusa da Tsafe, suka yi suna wajen karatu, makaranta ba baƙon abu ba ce.

Matsalar tana ga abin da aka gina tsarin a kansa. SIWES ya ɗauka akwai masana'antar da za a tura ɗalibi. A lokacin da aka ƙirƙiro shi kuwa akwai. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, masaƙar Zamfara da ke Gusau ta zo a shekarun 1960, ga kamfanin matsar mai, ga injin gurza. Masaƙa ba zare kawai ba ce. Tana da injinan lantarki masu yawa, da allunan sarrafa wuta, da sashen gyara mai injiniyoyi da mataimakansu, kuma a nan ne ɗalibin lantarki ke fara ganin abin da ya karanta yana juyawa. A nan kuma yake ganin wani abin da shagon gyara ba ya koyarwa: aiki da ma'auni, rubuta abin da aka yi, bin ƙa'ida ko da maigida ba ya nan.

Daga 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya karya darajar naira, kayan gyaran injin suka yi tsada. Wuta ta ƙi tsayawa, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa. Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, ta Gusau ma ba ta tsallake waɗannan shekarun ba. Ka lura da yadda lokutan suka saɓa: makarantun fasaha na yankin suna ƙaruwa daidai lokacin da wuraren da za su karɓi ɗalibansu ke rufewa. Murhu da dutse uku yake ɗaukar tukunya, makaranta da masana'anta da hukuma. A Gusau ba a taɓa samun ukun a tsaye na dogon lokaci tare ba. Sai ɗalibin injiniyan lantarki ya ƙare da yin SIWES a wani ofis yana jera fayil, ya kawo littafi a sa masa hannu.

Wata jiha da ta bi ta ƙaramar ƙofa

Yanzu mu tsallaka teku, don akwai wurin da ya fara daga ƙasa sosai, kuma gwamnatin jiha ce ta ja ragamar. Penang jiha ce a Maleshiya, tsibiri da ɗan yanki a gaɓar teku. Da ciniki take ci, har zuwa 1969 da aka janye mata matsayin tashar jiragen ruwa marar haraji. Rashin aiki ya kai wajen kashi 15 cikin 100, matasa suna ficewa. Sabon shugaban gwamnatin jihar, Lim Chong Eu, ya kafa hukumar raya Penang a shekarar, a 1972 kuma aka buɗe yankin masana'antu marar haraji a Bayan Lepas.

Ba masana'antar dala biliyan 20 suka nema ba. Aikin cip kashi biyu ne. Akwai zana taransistoci a kan faifan silikon, wanda shi ne mai tsadar. Akwai kuma abin da ke biyo baya: a yayyanka faifan, a ɗaura wa kowane cip siraran wayoyi, a rufe shi a baƙar roba, a gwada shi. Wannan kashi na biyu a wancan zamanin aikin hannu da ido ne, ƙarƙashin madubin ƙara girma. Shi Penang ta nema. A 1972 kamfanin Intel, wanda bai wuce shekara huɗu da kafuwa ba, ya buɗe masana'antarsa ta farko a wajen Amurka a wata tsohuwar gonar shinkafa a can. AMD da Hewlett-Packard da Hitachi da Bosch da wasu suka zo a wannan tsakanin.

Mafi yawan ma'aikatan layin 'yan mata ne, da yawansu Musulmi daga ƙauyuka, har aka laƙaba musu suna Minah Karan, wato kamar ka ce Aminar lantarki, kuma ba da yabo ake faɗa ba. Albashin kaɗan ne, aikin yana cin ido, an kuma daɗe ana hana su kafa ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa. Wanda zai ba ka labarin Penang ya tsallake wannan bai gaya maka duka ba. Amma ka tuna Gusau tana da kwaleji sukutum da aikinta shi ne horar da mata a fannin fasaha, sama da shekara 30 ke nan.

Abu biyu ne suka hana Penang tsayawa a matsayin wurin arhar ma'aikata kawai. Na farko, da kamfanonin suka fara sa injina a layi, sai suka buƙaci wanda zai ƙera musu ƙananan sassan ƙarfe a kusa, maimakon jiran kaya daga Amurka. Suka juya ga ƙananan shagunan ƙira na garin, irin su Eng Hardware da Loh Kim Teow, suka ba su zane, suka koya musu aiki da ma'auni mai tsanani, suka riƙa mayar musu da duk abin da bai cika ba. Shagunan nan suka zama manyan kamfanoni. Wasu injiniyoyin da suka yi aiki a Intel kuma suka fita suka kafa nasu, kamar Globetronics a 1991.

Na biyu shi ne wanda ya fi dacewa da zancenmu. A ƙarshen shekarun 1980 kamfanonin suka ga suna ta ƙwace wa juna 'yan ƙwararrun da ke akwai, albashi na hawa, ƙwarewa ba ta ƙaruwa. A 1989 suka haɗu da gwamnatin jiha da malaman jami'a aka kafa cibiyar horar da ƙwararru ta Penang, PSDC. Jiha ta ba da gini da tallafi. Kamfanoni suka kawo injina da malamai, su ne kuma suka riƙe shugabancin cibiyar, su ke faɗin abin da za a koyar, domin su za su ɗauki wanda aka koyar. Idan injin layi ya sauya bana, darasi ya sauya bana. Sauran jihohin Maleshiya suka kwaikwayi tsarin. Yau ƙasar tana da kusan kashi 13 cikin 100 na aikin rufe cip da gwada shi a duniya.

Taiwan ta bi hanya mai kama da wannan daga sama: ta kafa cibiyar bincike ta ITRI a 1973, ta tura matasan injiniyoyi kamfanin RCA na Amurka a 1976 su koyo aikin, daga cikin wannan zuriyar TSMC ya fito a 1987. A duka biyun an fara kashe kuɗi a kan mutane shekaru kafin a ga riba.

Gaskiya kuma Penang tana da abin da Zamfara ba ta da shi. Tana da tashar jirgin ruwa da filin jirgin sama a bakin masana'anta, da wutar da ba ta ɗaukewa, da zaman lafiya. Gusau tana ƙarshen dogon layin wuta da ya biyo ta Zariya da Funtuwa. Babu Intel ɗin da zai zo gobe, kuma duk ɗan siyasar da ya ce maka zai kawo shi, ka riƙe aljihunka. Abin ɗauka a labarin shi ne wa ya rubuta manhaja.

Rana, da mutumin Tasawa

A ƙasar Hausa an taɓa gwada haɗa ɗakin bincike da masana'anta, kuma a kan hasken rana aka yi. Abdou Moumouni Dioffo, wanda aka haifa a Tasawa ta jihar Maraɗi a 1929, masanin fiziks ne da ya yi karatu a Faransa, ya ƙaro ilimin makamashin rana a Tarayyar Sobiyet. Daga 1969 zuwa 1985 ya shugabanci ONERSOL, hukumar makamashin rana ta Nijar, wadda ba ta tsaya a rubuta takardu ba, har da sashen ƙera kaya tana sayarwa, musamman tankunan dumama ruwa. Mafi yawan aikinsa a kan zafin rana ne, ba farantin silikon ba, amma tsarin shi ne abin dubawa: mai bincike da maƙeri a gida ɗaya. Jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi yanzu. A ɓangarenmu, cibiyar binciken makamashi ta jami'ar Sakkwato ta fara a 1982, ta kuma yi gwaje-gwajen kai wutar sola ƙauyuka tun kafin abin ya zama ruwan dare.

Farantin sola semikondakta ne tsantsa, babban ɗan'uwan taransisto: haske ya faɗa kan silikon, ya tunkuɗa lantarki ya bi waya. Hukumar NASENI ta buɗe wurin haɗa faranti a Karshi kusa da Abuja a 2011, amma ƙwayoyin silikon ɗin daga waje ake kawo su, a Maris ɗin 2023 ne aka aza harsashin masana'antar ƙera su a Gora ta jihar Nasarawa. Kafin wannan ta haifar da wani abu, kasuwa ta riga ta yi gaba. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023, sola ta mamaye rijiyoyin burtsatse da shagunan cajin waya da asibitoci. Kowace inbata cike take da taransistoci masu ɗaukar wuta mai yawa, su ne kuma suka fi ƙonewa idan an haɗa aiki ba daidai ba. Wanda ya haɗa ɗin sau da yawa makonni kaɗan ya yi yana bin wani.

Bebeji Plaza

Wayar salula ta fara aiki a Najeriya a Agustan 2001. Cikin shekara goma jikokin masu gyaran rediyo suka koma gyaran waya, kuma a Gusau cibiyarsu ita ce Bebeji Plaza, kamar yadda Farm Centre take a Kano. Ka tsaya ka kalli mai gyaran da ya ƙware. Zai sa allon waya ƙarƙashin madubi, ya hura masa iska mai zafi har dalmar da ke ƙarƙashin aisi ta narke, ya ɗaga cip ɗin da ɗan hantsaki, ya share, ya jera sababbin ƙwayoyin dalma da ba su kai ƙwayar gero ba, ya mayar. Idan zafi ya yi yawa allo ya kumbura, idan ya yi kaɗan ƙafa ɗaya ta ƙi kamawa. Wannan dangin aikin da 'yan matan Bayan Lepas suka fara da shi ne a 1972. A ganina, duk faɗin Zamfara babu inda ake taɓa semikondakta da hannu kowace rana kamar wannan kasuwa, har da ɗakunan gwajin manyan makarantunmu.

Wa ya koya musu? Maigida, da bidiyon YouTube na masu gyara daga Indiya da Pakistan da Sin, da wayoyin mutane da suka mutu a hannunsu kafin hannun ya faɗa. Ba su da takardar da wani kamfani zai gane. Galibi babu abin zuƙe hayaƙi a shagon, alhali dalmar da suke narkawa tana ɗauke da gubar nan da Zamfara ta san sharrinta tun 2010, lokacin da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum masu haƙar zinariya. Ba su da wata kariya idan abu ya faru. A farkon Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a duk jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta yi kusan wata guda babu sabis, wasu ƙananan hukumomin suka yi watanni, wayar da ba ta kira kuwa babu mai kai ta gyara. A Yunin 2022 kuma aka sace 'yan kasuwar kusan 30 a hanyar dawowa daga ɗaurin aure a Tambuwal. Yaron Tsafe ko Bunguɗu da ke son koyon sana'ar, sai ya fara lissafin hanyar da zai bi kullum kafin ya yi lissafin kuɗin koyo.

Akwai misali kusa da gida na yadda makaranta ke sauko wa kasuwa. Lokacin da Farfesa Idris Bugaje ke shugabantar kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna, kwalejin ta ƙulla alaƙa da masu sana'ar kasuwar Panteka, don a auna ƙwarewar da suka riga suka samu a bakin aiki a ba su shaidar ƙwarewa ta ƙasa, NSQ, ba tare da an ce su koma aji ɗaya ba. A 2021 ya zama shugaban NBTE, hukumar da ke kula da wannan tsarin shaida a duk ƙasar. Ma'ana dokar da hanyar suna nan, ba sai an ƙirƙiro sabuwa ba.

Idan aka ɗora darasin Penang a kan na Panteka, abin da zai fito a Gusau ƙarami ne, ba na yanke kintinkiri ba. Jiha ta ba da ɗaki mai wutar sola da ba ta yankewa. Kwalejojin Ƙauran Namoda da Talatar Mafara da ta mata ta Gusau su kawo malaman da za su koyar da karanta zanen da'ira da amfani da na'urar ganin siginar lantarki, abin da kasuwa ba ta da shi. Ƙungiyar masu waya da dillalan sola, waɗanda su ne masana'antar da muke da ita a yanzu, su zauna a kujerar shugabanci su faɗi irin matsalar da ke zuwa musu teburi, su kuma karɓi ɗaliban SIWES a hukumance. Dillalin inbata da ke mayar da kaya Kano ko Legas duk lokacin da allo ya ƙone yana da dalilin kansa na sa kuɗi a ciki. Madubin ƙara girma da injin hura iska da na'urar auna sigina na teburi ashirin ba su kai kuɗin motar kwamishina guda ɗaya ba.